Gidan Temple: Su Wa Suka Haifi Baturen da Ya Riƙe Arewa a 1914?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili, ko da zai ɗara na kullum faɗi, don maganar da na ɗauko ba ta shiga sakin layi biyu.

Duk sanda aka naɗa sabon sarki a ƙasar nan, jaridarku takan cika shafi da salsalarsa: wane ya haifi wane, wa ya karɓo tuta daga hannun Shehu, 'yar wane gida ce mahaifiyarsa. Ina jin daɗin karanta wannan, don ni mutumin Bauchi ne, tun ina yaro nake jero sarakunanmu daga kan Malam Yakubu. Amma Turawan da suka tuɓe wasu daga cikin sarakunan nan suka naɗa wasu, su kam mun bar su kamar daga sama suka faɗo. "Bature ya zo," "Razdan ya ce," shi ke nan. Ba mai tambayar ɗan wane ne, 'yar wa ya aura, wa yake da shi a majalisar Landan. Alhali su ma 'yan gida ne, suna da kawunnai da surukai, kuma da yawa daga abin da suka zo suka shuka a nan daga gida suka ɗauko irinsa.

Zan ɗauki gida ɗaya kawai, gidan Charles Lindsay Temple. Shi ne Razdan na farko a Bauchi, bayan da sojojin Ingila suka shigo garin a watan Fabrairu na 1902 aka tuɓe Sarki Umaru. A cikin lardinsa aka yi yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada. Ya yi Razdan a Sakkwato da Kano, ya zama babban sakataren gwamnatin Arewa a 1910, da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914 kuma shi aka ba riƙon Arewa a ƙarƙashin Gwamna Lugga, har rashin lafiya ta sa ya ajiye aiki a 1917. Yaranmu na sakandare duk sun san Lugga. Temple kuwa, ko a cikin malamansu ba kowa ba ne zai ce ya taɓa jin sunansa, ga shi kuma hannunsa ya fi na Lugga daɗewa a cikin al'amuranmu, kamar yadda zan nuna.

Sunan ma ba ta wajen maza ya zo musu ba. Asalin kakansu sunansa William Dicken, ya auri 'yar wani Sir William Temple, sai ɗan da suka haifa ya ajiye sunan ubansa a 1796 ya ɗauki na kakansa na wajen uwa, ya gaji gidan gona da ake kira The Nash a ƙauyen Kempsey, cikin gundumar Worcestershire. A wajensu haka abin yake, suna yakan bi dukiya, in dukiyar ta bi ta kan mace sai sunan ya bi ta. Shi wannan Sir William reshe ne na babban gidan Temple na Stowe. Da babbansu Lord Cobham ya mutu a 1749 ba ɗa, sarautar baronet, wato muƙamin "Sir" da ake gada, ta faɗo wa Sir William, gidan da dukiyar kuwa suka tafi ga ƙanwar mamacin, Hester, matar Grenville. Daga ɗakin wannan mata aka samu Firaminista George Grenville, ɗanta, da William Grenville, jikanta. 'Yarta ta auri William Pitt babba, ta haifi William Pitt ƙarami, su ma duka sun yi Firaminista. Mutum huɗu ke nan. Dangantakar da nisa, ban ɗora mata nauyi da yawa ba, amma a Ingila ta wancan zamani sunan kaɗai yana buɗe ƙofa.

Inda maganar take da nama shi ne Indiya. Mahaifin Charles, wato Sir Richard Temple, an haife shi a 1826, mahaifiyarsa 'yar gidan Rivett-Carnac ce. Su ma sunan Carnac gadonsa suka yi tare da dukiya daga wani surukinsu, Janar John Carnac, ɗaya daga cikin hafsoshin Kamfanin Gabashin Indiya, kamfanin Ingila da yake mulkin Indiya a wancan zamani. Kawun Richard, Sir James Rivett-Carnac, ya shugabanci daraktocin kamfanin a Landan, sannan ya yi Gwamnan Bombay daga 1839 zuwa 1841. A lokacin ba a shiga kwalejin Haileybury, inda kamfanin yake horar da masu mulkin Indiya, sai da sa hannun wani darakta. Can Richard ya yi karatu, ya sauka Indiya a 1847, ya dinga hawa: sakataren John Lawrence mai mulkin Punjab, shugaban Lardunan Tsakiya a 1862 (inda taubashinsa, ɗan wani kawun nasa, ya yi aiki a ƙarƙashinsa a kan harkar auduga), Razdan a fadar Nizam na Haidarabad a 1867, mai kula da kuɗin gwamnatin Indiya baki ɗaya daga 1868, mai riƙon Bengal a 1874, daga ƙarshe Gwamnan Bombay daga 1877 zuwa 1880, kujerar da kawunsa ya zauna a kai.

A lura da zaman Haidarabad ɗin nan. Bature ɗaya a gefen sarki Musulmi, sarki yana da fadarsa da wazirinsa da alƙalansa, Bature yana "ba da shawara", shawarar da ba a isa a ƙi ba. Abin da muka taso muka tarar ana kira mulkin En'e, a makaranta kuma aka ce mana Lugga ne ya ƙirƙiro shi saboda ƙarancin ma'aikata, an daɗe ana yin sa a Indiya kafin a haifi Lugga. Shi kansa Lugga a Madras aka haife shi, a 1858. Charles Temple kuwa a gidan wanda ya yi wannan aiki da hannunsa ya tashi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Akwai abin da ba a raba sunan Sir Richard da shi a tarihin Indiya, shi ne yunwa. A 1873 zuwa 1874 fari ya afka wa Bihar, aka ɗora masa aikin agaji. Ya sayo shinkafa wajen tan 450,000 daga Burma, ya buɗe ayyukan yi, ya raba abinci, mutanen da suka mutu ba su da yawa. Maimakon yabo sai Landan ta taso masa da cewa ya yi almubazzaranci da kuɗin gwamnati, yana koya wa talakawa zaman jiran sadaka. To, da wata yunwar da ta fi wannan muni ta zo a 1876, ta mamaye Madras da Bombay da Maisur, Gwamna Janar na Indiya, Lord Lytton, ya tura shi kudu ya duba yadda ake agaji, sai ga mutum ya juya gaba ɗaya. Ya yanke abin da ake ba mai aikin ƙarfi a sansanin agaji zuwa laba ɗaya ta hatsi a yini, ƙasa da rabin kilo ke nan, da ɗan ƙaramin kuɗin Indiya guda da ake kira "anna". Mutumin da yunwa ta riga ta cinye, ana sa shi fasa dutse da haƙar hanya tun safe, a kan wannan. Babban jami'in lafiya na Madras, Dakta Cornish, ya tsaya kai da fata cewa wannan ba ya riƙe rai, sai daga baya aka ƙara. Har yau a littattafan tarihi da sunan Temple ake kiran wannan awo. Mutanen da suka mutu a wannan yunwa sun haura miliyan 5. Shi kuwa an riga an ba shi sarautar baronet a 1876, ga kujerar Bombay a 1877.

Da ya bar Indiya siyasa ya shiga kai tsaye. Ya tsaya takara a 1880 a jam'iyyar 'yan mazan jiya ya faɗi, ya ci kujerar Evesham a 1885, ya koma ta Kingston a 1892 har 1895, a 1896 aka sa shi cikin majalisar mashawartan Sarauniya. Ya mutu a 1902. Babban ɗansa, Richard Carnac Temple, wan Charles da suke uba ɗaya, soja ne a Indiya da Burma, ya mulki tsibiran Andaman, inda Ingila take kai fursunonin Indiya, daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20. A gefe guda kuma ya shafe shekaru yana tattara tatsuniyoyi da al'adun mutanen Punjab yana bugawa. A riƙe wannan hali na mulki da hannun dama, rubuta al'adun waɗanda ake mulka da hannun hagu, za mu sake gamuwa da shi a nan Arewa.

Charles ɗan mata ta biyu ne, 'yar gidan Lindsay, wadda mahaifinta alƙali ne na Turawa a Indiya. An haife shi a 1871. Bai bi hanyar jarrabawar shiga aikin Indiya ba, wadda a lokacin ta zama dole. Barazil ya tafi, ya yi aikin ƙaramin jakada a garuruwan kogin Amazon, sannan a 1901 ya samu shiga aikin Arewacin Nijeriya. Abin lura a nan, aikin mulki a Afirka ba a yi masa jarrabawa a wancan lokaci. Ministan ƙasashen mallaka ne yake zaɓa, ta hanyar ganawa da wasiƙun shaida daga manya. Ministan a 1901 Joseph Chamberlain ne, a gwamnatin da jam'iyyar Sir Richard take jagoranta, Sir Richard kuma yana raye, yana cikin mashawartan fada. Shekara ɗaya da zuwansa, saurayi ɗan shekara 30 yana riƙe da lardin Bauchi. Ba na tauye masa, mutum ne mai kaifin basira, ya iya Hausa, abokan aikinsa ma sun shaida. Sai dai masu basira suna da yawa a Ingila, ba kowa aka miƙa wa lardi ba.

Yanzu ga ɓangaren matarsa, wanda a ganina ya fi na mijin ban mamaki. Olive MacLeod ta fara zuwa ƙasar nan ne saboda wani dalili daban. Saurayinta Boyd Alexander, mai yawon binciken ƙasa, an kashe shi a 1910 a ƙasar Wadai, aka kawo gawarsa Maifoni kusa da Maiduguri aka binne shi a gefen ɗan'uwansa Claud, wanda ya mutu a can a 1904. Sai ta taso daga Ingila don ta ga kabarin, ta yi tafiyar mil kusan 3,700 tare da P. A. Talbot da matarsa, ta Kamaru da ƙasar Chadi da Borno. A 1912 ta auri Temple.

Wace ce ita? Mahaifinta Sir Reginald MacLeod babban sakataren ofishin harkokin Sikotilan ne daga 1902 zuwa 1908, daga baya ya gaji sarautar dangin MacLeod, shi ne na 27, mai fadar Dunvegan a tsibirin Skye. Mahaifiyarta kuwa 'yar Sir Stafford Northcote ce. Wannan dattijo ya yi ministan Indiya daga 1867 zuwa 1868, daidai shekarun da aka kai Richard Temple Haidarabad sannan aka damƙa masa kuɗin Indiya. Ya yi ministan kuɗin Ingila daga 1874 zuwa 1880, ya ja ragamar 'yan mazan jiya a majalisar wakilai, ya yi ministan harkokin waje a 1886. Yayar Olive, Flora, a gida mai lamba 10 a titin Downing aka haife ta a 1878, don a lokacin kakan nasu ne yake zaune a ciki. Edita, gidan da muke ji kullum a rediyo, nan aka yanke wa yayar matar Razdan ɗinmu cibiya.

Bai ƙare ba. Kawun Olive, Henry Northcote, ya yi Gwamnan Bombay daga 1900 zuwa 1903, sannan Gwamna Janar na Ostareliya. Gwamnonin Bombay uku ke nan a tabarma ɗaya: kawun uban miji, uban miji, kawun mata. Wani ɗan kawunta, Geoffry Northcote, ya yi Gwamnan Hong Kong daga 1937, kujerar da Lugga ya riƙe daga 1907 zuwa 1912. Flora ta auri Hubert Walter, ɗan gidan da suka kafa jaridar The Times, ta gaji sarautar MacLeod a 1935, jikanta ɗaya ya canja suna ya gaje ta, tagwayensa kuma ya zauna a majalisa daga 1958 zuwa 1974 a jam'iyyar kakanninsa. Abin dariya a ciki, shi Stafford Northcote ɗin nan shi ne ɗaya daga mutum biyun da suka rubuta rahoton 1854 mai cewa a daina ba da aikin gwamnati ta hanyar sanayya, a koma jarrabawa. Shawarar ta yi aiki a Landan da Indiya, ba ta ƙetaro zuwa Afirka ba.

Mai karatu zai ce to, mun ji, sun haifi juna sun auri juna, ina ruwan mai noman gero a Darazo? A nan ne aikina ya shigo, don a ofishin safiyo da filaye na yi aiki har na yi ritaya, kuma a can na fara cin karo da sunan mutumin nan.

A 1908 aka kafa kwamiti a Landan don ya tsara dokar ƙasa ta Arewacin Nijeriya. Gwamna a lokacin Percy Girouard ne, injiniyan jirgin ƙasa ɗan Kanada (shi ma ɗan alƙalin kotun ƙoli ne, tsohon ɗan majalisa, ya kuma auri 'yar babban lauyan gwamnatin Transvaal). Temple yana cikin masu faɗa a ji a wannan kwamiti, tare da ɗan majalisa Josiah Wedgwood, na gidan masu kamfanin tangaran, dangin Darwin. Dukansu sun sha ra'ayin wani Ba'amurke, Henry George, mai cewa ƙasa ba hajar da mutum ɗaya zai mallaka ba ce, ta jama'a ce, hukuma ce za ta karɓi kuɗin hayarta a madadinsu. Daga wannan zama aka samu dokar 1910, wadda ta ce duk ƙasar Arewa, wadda ake nomawa da wadda ba a nomawa, tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Abin da mutum yake da shi izinin zama ne da amfani, ba mallaka ba. Aka sabunta ta a 1916, gwamnatin Sardauna ta sake zuba ta a 1962 ta sa minista a gurbin Gwamna, a 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta ɗauki wannan tsari na Arewa ta shimfiɗa wa Nijeriya duka, aka kuma ɗaure shi a cikin tsarin mulki. Takardar shaidar fili da kowa yake bi ofis-ofis yana nema, mai wa'adin shekara 99, wadda sai gwamna ya sa hannu, jikar wancan zama ce na 1908.

Na ga yadda wannan yake sauka a kan mutum. An taɓa tura mu auna gonakin da sabuwar hanya za ta bi ta kansu. Muka iske wani dattijo a gonarsa, ya bi mu da sandarsa muna ƙirga masa ɗorawa da mangwaro da rijiya da ɗan ɗakin da yake ajiye kayan aiki, muna rubutawa. Da muka gama ya ce, "To, saura gonar." Na ce, "Baba, a doka ba a biyan diyyar ƙasa, sai abin da aka dasa ko aka gina a kanta. Ita ƙasar tana hannun gwamna." Ya dube ni ya ce, "Yaro, kakana ne ya sare dajin nan. Wane gwamnan ne ya taya shi?" Ba ni da abin ce masa sai haƙuri, fom ɗin ba shi da gurbin kakansa.

Amma kada a ce na zo zagi ne kawai. Wannan doka ita ce ta hana Turawa yanka manyan gandaye a ƙasarmu kamar yadda suka yi a Kenya da Rodeshiya, inda 'yan ƙasa suka koma 'yan ƙodago a gonakin iyayensu. Temple da gaske yake ƙin wannan, kuma yana da abokai irin su ɗan jarida E. D. Morel da suke kai maganar gaban majalisa da jaridun Ingila. Da ɗan talaka ne wanda ba shi da kowa a Landan, ina shakkar ko muryarsa za ta kai inda ta kai. Gatan da nake ƙorafi a kansa, a wannan karon ya yi mana rana. Sai dai ya kare mu daga Bature mai gandu ne ta hanyar miƙa ƙasar duka ga Bature mai ofis, da Baturen ya tafi kuma ofis ɗin bai tafi ba, wanda ya gaji kujerar ya gaji biron.

Haka yake a sauran al'amuransa. Baitulmalin En'e, wanda Razdan Palmer ya fara a Katsina, a zamanin da Temple yake babban sakatare ya bazu a masarautu, aka yanka wa sarakuna da hakimai da alƙalai albashi. Da Lugga ya dawo a 1912 ya so ya jawo kuɗin nan ƙarƙashin ikonsa, suka yi ta ja-in-ja. Temple yana ganin a bar sarakuna su yi mulki da ɗan sarari, Bature ya tsaya daga baya. Shi ne kuma yake ƙyamar a buɗe wa masarautu ƙofar ilimin boko da yawa, don a ganinsa ɗan Afirka mai kwaikwayon Bature ɓatacce ne. Mutumin da gidansu kaf da karatu da jarrabawa da sanayya suka mulki rabin duniya, shi ne yake ganin karatun zai lalata 'ya'yan wasu. Ratar da wannan ra'ayi ya bari tsakaninmu da Kudu, har yau ba mu gama biyan bashinta ba. A wani wajen kuma ya fi Lugga hangen nesa: lokacin haɗewar 1914 ya ba da shawarar a raba ƙasar zuwa manyan larduna bakwai, Morel ya ce huɗu, Lugga ya ƙi duka ya bar ta Kudu da Arewa. Sai a 1967, ana bakin yaƙi, aka dawo kan maganar da aka yi jihohi 12.

Sannan ga yunwa ta biyo ɗan kamar yadda ta bi uban. Damina ta ƙi a 1913, shekarar 1914 da ya hau kujerar Arewa ita ce shekarar yunwar da tsofaffinmu suke kira Ƙaƙalaba. Ta ci Kano da Katsina da arewacin Borno, mutane suka yi ta kwararowa daga ƙasar Faransa suna faɗuwa a hanya. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano, yana ta jigilar gyada zuwa teku. Agajin gwamnati ya zo a makare, kuma kaɗan, haraji kuwa ba a daina karɓa ba. Ba zan ɗora wa mutum ɗaya wannan ba, Lugga ne a sama, ga yaƙin duniya ya ɓarke a watan Agusta. Amma darasin da Landan ta koya wa Sir Richard a 1874, cewa jami'in da ya kashe kuɗi ya ceci rayuka zai sha faɗa, wanda ya tsuke baitulmali kuma zai samu ƙarin girma, bai tsaya a Indiya ba. Ya zama tarbiyyar aikin gaba ɗaya.

Na ce za mu sake gamuwa da halin nan na rubuta al'adun waɗanda ake mulka. Olive ta zauna da tarin rahotannin da Razdan-Razdan da Di'o-Di'o suka aiko daga larduna, ta tace su ta haɗa littafi guda a kan ƙabilu da larduna da masarautun Arewa, mijinta ya duba, aka buga a Cape Town a 1919, aka sake bugawa a Legas a 1922. A ciki akwai asalin kusan kowace al'umma tamu da jerin sarakuna. Na sha ganin mutane sun zo da hoton shafi ɗaya daga cikinsa a cikin fayil, suna kafa hujja da shi a rikicin iyaka ko na sarautar gari, kamar wanda ya ɗauko nassi. Wani Di'o ne ya tambayi wani dattijo ta bakin tafinta, ya rubuta abin da ya fahimta, jikar ministan kuɗin Ingila ta taƙaita, yau mun mai da shi alƙali a tsakaninmu. Su sun san wa ya haifi sarkin kowane gari namu. Mu ko sunan uban mai littafin ba mu tambaya ba. Bayan ritaya su biyun suka ƙare a Granada ta ƙasar Sifen, Garnaɗar Andalus da malamanmu suke karantawa, Charles ya mutu a can a 1929, Olive a 1936.

Kada a ɗauka gidan Temple ne kaɗai. Lugga ɗan limamin coci ne na soja, ba mai kuɗi ba, amma baffansa Janar Sir Edward Lugard ya yi shekara goma yana babban sakataren ma'aikatar yaƙi, ƙanensa Edward ya yi masa sakatare a nan Nijeriya, matarsa Flora Shaw kuma ita ce editar harkokin ƙasashen mallaka a The Times, jikar ɗan majalisa daga Dublin, wadda ta fara buga sunan Nijeriya a jarida a watan Janairu na 1897. Hugh Clifford da ya gaje shi a 1919 jikan Lord ne, ya fara aiki a Malaya yana ɗan shekara 17 a ƙarƙashin wani ɗan'uwan mahaifinsa da yake gwamna a can. Fatakwal kuwa sunan Lewis Harcourt take ɗauke da shi, ministan ƙasashen mallaka, ɗan tsohon ministan kuɗi, mijin 'yar ƙanwar attajirin Amurka J. P. Morgan.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne a ware shafi, ko da sau ɗaya a wata, a riƙa ɗauko Razdan ko gwamna ɗaya ana bin salsalarsa da irin ƙwazon da ake bin ta sarakunanmu: uwa da uba, surukai, kujerar da danginsa suke riƙe da ita a majalisa, kamfanin da suke da hannun jari a ciki, sannan a ajiye wannan kusa da abin da ya sa wa hannu a nan. Ɗalibanmu na tarihi suna da ɗakin adana takardu na ƙasa a Kaduna da kuma Gidan Arewa, salsalar manyan gidajen Ingila kuwa su da kansu sun buga ta, yawancinta tana intanet kyauta.

In za a fara, ina ba da shawarar a fara da George Goldie, mai kamfanin Royal Niger da ya riƙe ƙasar kafin gwamnatin Ingila ta karɓa. Mahaifinsa shugaban majalisar tsibirin Man ne, wansa ma ya riƙe wannan kujera. Ta hanyar wani ƙaramin kamfani da danginsa suka saya saboda surukuta ya shigo cinikin kogin Kwara, ya haɗe kamfanonin Ingila na kogin a 1879, ya ɗora tsohon ministan cikin gida Lord Aberdare a kan shugabancin kamfanin, ya samu takardar izinin Sarauniya a 1886. Da gwamnati ta karɓe ƙasar a ranar 1 ga Janairu, 1900, ta biya kamfanin fam 865,000, ta kuma yarda a riƙa ba shi rabin kuɗin ma'adinai na wani babban yanki na Arewa har shekara 99, kuzar Jos tana ciki. Sai a wajen 1950 aka fanshi wannan haƙƙi da fam miliyan 1. Goldie ya ƙone takardunsa kafin ya mutu a 1925, ya kuma hana a rubuta tarihinsa, don haka wanda zai ɗauki aikin sai ya bi ta kan dangi da surukai da rajistar masu hannun jari.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon ma'aikacin safiyo da filaye,
Bauchi.